Kyautata Rubuta wa Yara Magani a Asibiti: Hanyar Daƙile Turjiyar Ƙwayoyin Cuta

Gabatarwa

Kafin tsakiyar shekarun 1930, yaron da ciwon huhu ko sanƙarau ya kama, ko jaririn da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa ta hanyar cibiya, kaɗan ne abin da likita ke iya yi masa bayan jinya da jiran hukuncin Allah. Samuwar magungunan kashe bakteriya, waɗanda ake kira antibayotik, ita ce ta sauya wannan hali. A shekarar 1928 Alexander Fleming ya gano penisilin a asibitin St Mary da ke birnin Landan, sa'an nan a farkon shekarun 1940 Howard Florey da Ernst Chain na Jami'ar Oxford suka tace shi har ya zama maganin da ake iya yi wa majinyaci allurarsa. Su ukun aka haɗa aka ba lambar yabo ta Nobel a 1945. A jawabin da ya yi wajen karɓar lambar, Fleming ya yi gargaɗin cewa duk wanda ya sha penisilin kaɗan, wanda bai isa ya kashe ƙwayar cuta ba, to koya mata yadda za ta jure wa maganin yake yi.

Abin da ya ji tsoro ya auku. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin bakteriyar da suka kama su sun ƙi jin magani, kuma kusan ɗaya daga cikin kowane biyar na mamatan yaro ne da bai kai shekara biyar ba. Yankin da abin ya fi muni shi ne Afirka ta Yamma, inda aka ƙiyasta mutuwar mutum 27 a cikin kowane dubu ɗari, alhali a yankin Ostareliya ba ta kai bakwai ba.

Hanyoyin da ke haddasa wannan matsala suna da yawa: sayen kafso a kemis ba tare da takardar likita ba, da ba dabbobi magani barkatai, da jabun magunguna. Wannan maƙala za ta tsaya ne kan wuri guda, watau ɗakin kwanciyar yara na asibiti, domin a can ake ba da magunguna mafiya ƙarfi ga majinyata mafiya rauni, kuma a can ne gyaran alƙalamin likita ke iya kawo sauyin da za a auna a gani.

Yadda Magani ke Aiki da Yadda Ƙwayar Cuta ke Turjewa

Bakteriya halitta ce ƙanƙanuwa wadda ba a ganinta sai da madubin likita, amma tana da bango da ya kewaye jikinta, tana kuma da 'yan masana'antun da take ƙera furotin da su. Kowane antibayotik da inda yake kai hari. Penisilin da danginsa, irin su amfisilin da amoksisilin da seftriyazon, hana ta gina bangonta suke yi, sai ta kumbura ta fashe. Jentamaisin kuwa masana'antar furotin yake lalatawa. Daga nan mai karatu zai fahimci dalilin da ya sa waɗannan magunguna ba sa taɓa bairos, wato ƙwayar da ke kawo mura da ƙyanda da yawancin gudawar yara: bairos ba shi da bango, ba shi kuma da masana'antar kansa, ta jikin ɗan Adam yake arowa. Ba yaro antibayotik don mura daidai yake da harbin inuwa.

Turjiya kuwa tana tasowa ne daga saurin hayayyafa. Idan ta sami abinci da ɗumi, ƙwayar Escherichia coli tana rabuwa gida biyu a kowane minti ashirin, ta yadda guda ɗaya za ta iya zama fiye da miliyan biyu cikin awa bakwai. A irin wannan taron ba a rasa 'yan kaɗan da aka sami canji a tsarin gadonsu, canjin da zai sa magani ya kasa kashe su. Dabarun da suke bi sanannu ne. Wasu suna fitar da sinadarin da ke yanka maganin kafin ya iso, kuma tun a 1940 Ernst Chain da abokin aikinsa Edward Abraham suka bayyana irin wannan sinadari mai lalata penisilin. Wasu suna sauya siffar wurin da maganin ke kamawa, kamar wanda ya canza kwaɗon ƙofarsa ya bar ɓarawo da tsohon mabuɗi. Wasu suna toshe kafofin da maganin ke shiga, wasu kuma suna da famfon da ke zuƙo shi ya watsar waje.

Manomi ya san abin da ke faruwa idan ya yi wa gona feshi da maganin ciyawa iri ɗaya shekara da shekaru: ciyawar da maganin ke kashewa ta ƙare, wadda ba ya kashewa ta sami fili ta mamaye gonar. Haka abin yake a cikin hanjin yaro, inda biliyoyin bakteriya masu amfani ke zaune. Duk allurar da aka yi masa tana share masu jin magani ta bar masu taurin kai su yaɗu. Wani abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, bakteriya tana iya miƙa wa 'yar'uwarta wannan baiwa kai tsaye, ta hanyar wasu ƙananan zobba na kayan gado da ake kira filasmid, ko da kuwa ba jinsinsu ɗaya ba. Zobe guda yakan ɗauki dabarar jure wa magunguna uku ko huɗu a lokaci ɗaya. Saboda haka ya kamata a lura: ƙwayar cutar ce ke sabawa da magani, jikin yaron bai canza ba, kuma ƙwayar tana iya tsallakawa zuwa gadon da ke kusa ta hannun ma'aikaci ko na mai jinya.

Me Ya Sa Lamarin Yara Ya Bambanta?

Masu koyar da aikin likita sukan nanata wa ɗalibansu cewa yaro ba ƙaramin babba ba ne. Hantar jariri da ƙodarsa ba su gama nuna ba, don haka maganin da babba zai fitar cikin 'yan awoyi yakan daɗe a jikinsa. A 1959 aka gano cewa klorafenikol yana taruwa a jinin jarirai, musamman bakwaini, har jikinsu ya yi toka-toka su mutu. Tetrasaikilin yana ɓata launin haƙoran yaron da bai kai shekara takwas ba. Jentamaisin idan ya yi yawa yana taɓa ƙoda da ji. Seftriyazon yana da haɗari ga jaririn da ke fama da shawara. Wannan ne ya sa ake auna maganin yaro da nauyinsa da kwanakinsa a duniya. Alal misali, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara miligiram uku na jentamaisin ga kowane kilo na jaririn da aka haifa ba shi da cikakken nauyi a makonsa na farko, da miligiram biyar ga mai cikakken nauyi, sa'an nan bakwai da rabi daga mako na biyu. A ɗakin da babu ma'auni mai kyau, dole a koma ga kintace, kuma kintace yana kai wa ga ɗayan biyu: ko guba, ko maganin da bai isa ba, irin wanda Fleming ya yi gargaɗi a kansa.

Abu na biyu shi ne wuyar gane ciwon. Jariri ba ya faɗin inda ke masa zafi. Ƙin shan nono, da sanyin jiki, da numfashi sama-sama, da kasala, duk suna iya zama alamun ƙwayoyin cuta a jini, suna kuma iya zama sakamakon wahalar haihuwa ko ƙarancin sukari a jini. Likita yana tsakanin gaba kura baya siyaki. Idan ya jinkirta, jaririn da ke da cutar na iya mutuwa kafin gari ya waye. Idan ya ba kowa, ya ba da yawa waɗanda ba sa bukata. Babu masanin da ke cewa a hana yaron da ya galabaita magani. A 2019 ciwon huhu kaɗai ya kashe yara kimanin 740,000 'yan ƙasa da shekara biyar, da yawansu don ba su sami amoksisilin mai araha a kan lokaci ba. Ƙa'idar ita ce a fara da wuri idan akwai haɗari, a kuma san lokacin dainawa.

Abu na uku shi ne illar da ke biyo baya. A watannin farko ne bakteriya masu amfani ke kafa mazauninsu a hanjin jariri. Nazarin da aka yi kan bakwaini a Amurka, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa waɗanda aka ci gaba da ba su antibayotik kwana biyar ko fiye tun daga haihuwa, alhali gwajin jininsu bai nuna cuta ba, sun fi shiga haɗarin ruɓewar hanji da mutuwa. Watau maganin da ake bayarwa don kwanciyar hankali yana da nasa farashin.

Abin da Bincike Ya Gano a Ɗakunan Kwanciyar Yara

Hanya mafi sauƙi ta sanin halin da ake ciki ita ce ƙidayar yini guda: a zaɓi rana, a bi gado-gado, a rubuta wane yaro ke shan wane magani, kuma don me. A irin wannan ƙidaya da aka yi a 2012 a asibitoci 226 na ƙasashe 41, an tarar kusan kashi 37 cikin ɗari na yaran da ke kwance suna kan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wani binciken da aka yi tsakanin 2018 da 2020 a asibitoci 19 na ƙasashe 11 ya bi diddigin jarirai fiye da dubu uku da aka kwantar saboda cutar jini, ya tarar an yi amfani da haɗe-haɗen magunguna fiye da iri ɗari biyu wajen yi musu magani. Cuta ɗaya da magani ɗari biyu alama ce ta cewa kowa na bin ganin damarsa.

Binciken da ya fi shafar wannan yanki shi ne wanda ake kira BARNARDS, wanda Jami'ar Cardiff ta Birtaniya ta jagoranta daga 2015 zuwa 2017 a ƙasashe bakwai na Afirka da kudancin Asiya, cikinsu har da Nijeriya, inda aka yi aikin a Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Kano da wasu asibitoci biyu a Abuja. An shigar da jarirai fiye da 36,000, aka tabbatar da cutar jini ga kusan 2,500. Ƙwayar da ta fi yawa ita ce Klebsiella pneumoniae. A cikin rukunin ƙwayoyin da ita wannan take ciki, waɗanda aka gwada, kashi 97 cikin ɗari ba sa jin amfisilin, kashi 70 kuma ba sa jin jentamaisin. Waɗannan biyun kuwa su ne magungunan farko da aka daɗe ana ba jarirai masu cutar jini a ƙasashe masu tasowa.

Daga Jamhuriyar Nijar ma an sami darasi mai tsoratarwa. A wata cibiyar kwantar da yara masu tamowa da ke Maraɗi, masu bincike sun gwada bayan gidan yara a ranar da aka kwantar da su da ranar da aka sallame su, a tsakanin 2007 da 2008. Kusan ɗaya cikin uku sun zo da bakteriya mai sinadarin lalata seftriyazon da danginsa. Cikin waɗanda suka zo ba tare da ita ba, kuma aka sake gwada su a ranar sallama, fiye da kashi 90 cikin ɗari sun tafi gida ɗauke da ita. Yaran ba su da yawa, amma sakamakon ya nuna yadda ɗaki mai cunkoso, inda kusan kowa ke kan magani mai ƙarfi, ke zama makyankyasar turjiya.

Inda Alƙalami ke Kuskurewa

Kurakuran da ake samu a asibitocin duniya kusan iri ɗaya ne. Na farko shi ne ba da magani inda babu bakteriya: mura, da tarin da bairos ke kawo wa jarirai, da gudawar ruwa wadda maganinta ruwan gishiri da sukari ne tare da ƙwayar zinki, sai fa idan atini ne mai jini ko kwalara mai tsanani. A wannan yanki akwai ƙarin al'adar haɗa wa duk mai zazzaɓi maganin cizon sauro da na taifot, bisa dogaro da gwajin Widal, gwajin da masana suka daɗe da sanin cewa yinsa sau ɗaya ba ya tabbatar da taifot, domin yakan nuna alama ga wanda ya taɓa yin ciwon a da, ko wanda ke da wani zazzaɓin dabam.

Na biyu shi ne ɗaukar gatari inda lauje ya isa. Seftriyazon ya sami karɓuwa saboda sau ɗaya ake yinsa a yini kuma ba shi da tsada, har ya zama maganin kowane yaron da aka kwantar, alhali ciwon huhu da yawa amfisilin ko penisilin yana warkar da shi. Na uku shi ne tsawaita kwanaki ba bisa hujja ba, da barin yaro kan allura bayan ya fara cin abinci. Na huɗu shi ne maganin rigakafin tiyata, wanda allura ɗaya kafin a tsaga fata ta isa a yawancin ayyuka, amma a mai da shi na kwana biyar ko bakwai. Na biyar, wanda shi ne uwar sauran, shi ne rashin rubuta dalili da ranar tsayawa a katin majinyaci. Likitan dare ya fara, na safe ya ji nauyin tsayar da abin da bai san dalilinsa ba, magani ya yi ta tafiya har ranar sallama.

Ba jahilci ne ke kawo yawancin waɗannan ba. Ƙaramin likita mai gadaje hamsin, wanda ɗakin gwaje-gwajen asibitinsa ba shi da wuta ko kayan aiki, wanda kuma ya san shi za a zarga idan yaro ya mutu, amma ba wanda zai tuhume shi idan ya yi rubutu fiye da kima, dole ya karkata ga yawaitawa. Saboda haka gyaran da ya tsaya ga wa'azi ba ya zuwa ko'ina, sai an gyara tsarin aikin kansa.

Matakan Gyara da Aka Gwada

Mataki na farko shi ne a rarrabe magungunan. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa su gida uku, a tsarin da aka fi sani da AWaRe. Rukunin farko na yau da kullum ne, irin su amoksisilin da amfisilin da jentamaisin, waɗanda ya kamata a same su a ko'ina kuma a fara da su. Rukuni na biyu na sa ido ne, irin su seftriyazon da sifrofuloksasin da merofenem, waɗanda suka fi saurin haifar da turjiya, don haka ba a ɗauko su sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Rukuni na uku na ajiya ne, irin su kolistin, waɗanda ake ɓoyewa don ranar da komai ya gaza. Ƙidayar da aka yi a asibitocin yara na ƙasashe 56, wadda aka buga a 2019, ta nuna cewa rukunin farko ya kai kashi 61 cikin ɗari na abin da ake ba yara a Sulobeniya, amma a Sin bai kai kashi 8 ba. A babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Satumba 2024, ƙasashe sun amince cewa nan da 2030 aƙalla kashi 70 cikin ɗari na antibayotik ɗin da mutane ke sha a duniya su kasance daga rukunin farko.

Hujjar cewa zaɓin magani yana sauya ƙwayoyin da ke yawo a ɗaki ta fito ne daga ƙasar Holan. A wani asibitin yara da ke Rotterdam, an sa ɗakin jarirai ɗaya ya riƙa farawa da penisilin da tobramaisin, ɗayan kuma da amoksisilin da sefotakzim mai faɗin kisa, bayan wata shida aka yi musu musaya. Rahoton da aka buga a shekarar 2000 ya nuna cewa haɗarin jariri ya kwashi ƙwayar da ba ta jin maganin ɗakinsa ya ninka sau 18 a ƙarƙashin tsari na biyu.

Mataki na biyu shi ne a ɗebi jini don gwaji kafin a yi allurar farko, a kuma sake duba lamarin bayan awa 48. Mafi yawan ƙwayoyin da ke kashe jarirai suna bayyana a kwalbar gwaji cikin wannan lokaci. Idan ba su bayyana ba kuma jariri ya warware, a tsayar. Idan sun bayyana, a koma ga mafi ƙanƙantar maganin da ke kashe su. A asibitin Parkland da ke Dallas a Amurka, an tsara kwamfuta ta riƙa tsayar da maganin jarirai da kanta bayan awa 48, sai idan likita ya sabunta shi da gangan, aka kuma ƙayyade kwana biyar ga ciwon huhu da cutar jinin da gwaji bai tabbatar ba. Amfani da antibayotik ya ragu da kashi 27 cikin ɗari ba tare da an ga ƙarin illa ga jariran ba. Asibitin da ba shi da kwamfuta yana iya cim ma irin wannan da katin magani mai layin da ke ƙarewa a rana ta biyu, wanda ba za a ci gaba ba sai likita ya sake sa hannu. Ɗakin gwajin da ke tara sakamakonsa na shekara yana kuma iya gaya wa likitoci wane magani ne har yanzu ke aiki a garinsu, maimakon su dogara da littafin da aka rubuta a wata nahiya.

Mataki na uku shi ne gajarta kwanaki inda bincike ya halatta. A birnin Lilongwe na Malawi an gwada yara 3,000 masu ciwon huhu irin wanda ƙirji ke shiga ciki wajen numfashi, kuma ba su ɗauke da cutar ƙanjamau, aka tarar amoksisilin na kwana uku bai gaza na kwana biyar ba, kamar yadda aka buga a 2020. A shekarar da ta biyo baya, wani gwaji a Birtaniya da Ailan kan yara fiye da 800 da aka sallama daga asibiti ya nuna kwana uku bai gaza bakwai ba. Wannan bai shafi sanƙarau ko ciwon ƙashi ko cutar jinin da aka tabbatar ba, waɗanda ke bukatar cikakkun kwanakinsu. Haka nan, da zarar yaro ya daina amai ya fara sha, mai da shi kan maganin baki yana ba da damar cire allurar da ke maƙale a jijiyarsa, wadda ita kanta ƙofar shigar cuta ce, yana kuma rage kwanakin asibiti da kuɗin da uba zai kashe.

Wani lokaci bincike kan taɓa al'adar da aka saba da ita. A gundumar Madarumfa ta jihar Maraɗi an gwada yara kimanin 2,400 masu tamowa mai tsanani waɗanda ba su da wani ciwon da zai sa a kwantar da su. An ba rabinsu amoksisilin, rabi kuma abin da ya yi kama da shi amma ba magani ba ne. Sakamakon da aka buga a 2016 bai nuna bambancin a zo a gani ba wajen murmurewa, ko da yake waɗanda suka sha maganin sun ɗan fi tsira daga kwanciya asibiti. Wani gwaji da aka yi a Malawi kafin wannan ya sami amfanin maganin a fili, a yanayin da ciwon kumburi da ƙanjamau suka fi yawa. Darasin shi ne, kowane yanki na bukatar nasa binciken.

Mataki na huɗu shi ne a sami masu alhakin abin. Asibitocin da suka ci nasara sun kafa ƙaramin kwamiti na likitan yara, da masanin harhaɗa magunguna, da ma'aikacin ɗakin gwaji, da babbar ma'aikaciyar jinya. A asibitin yara na jihar Kolorado a Amurka, tun daga 2013 likita da masanin magunguna suke duba duk wani antibayotik da aka rubuta, sa'an nan su zagaya ɗakuna su gaisa da likitocin, su tattauna baki da baki, ba tare da hana kowa rubutu ba, kuma amfani da magungunan ya ragu. Irin wannan zagaye ba ya bukatar na'ura. Lokaci yake bukata da girmama juna, da kuma shugabannin da za su tsaya wa ƙaramin likitan da ya tsayar da magani bisa ƙa'ida.

Mataki na biyar shi ne wanda masu iya magana suka taƙaita da cewa rigakafi ya fi magani. Ruwan famfo da sabulu a bakin kowane ɗaki, da wanke hannu tsakanin gado da gado, da daina kwantar da jarirai biyu ko uku a kwalba ɗaya, da tsaftar cibiya, da shayar da nonon uwa, duk suna rage yawan yaran da za su bukaci allura. Haka ma allurar rigakafi: Nijeriya ta fara shigar da ta ƙwayar ciwon huhu a ƙarshen 2014, ta kuma shigar da ɗigon rigakafin bairos mai kawo gudawa a 2022. Cutar da ba ta kama yaro ba, ba ta bukatar seftriyazon.

Rabon Iyaye da na Hukuma

Iyaye da yawa suna auna ƙwarewar likita da yawan alluran da ya rubuta, wasu kuma kafin su iso asibiti sun riga sun ba yaro ragowar sirof ɗin da yayansa ya sha, abin da ke sa gwajin jini ya fito babu komai alhali cutar tana nan. Ya kamata uwa ta faɗa wa likita duk abin da aka ba yaron a gida, ta zo da kwalbar idan da hali, ta tambayi sunan maganin da aka rubuta da kwanakin da za a yi ana ba shi, ta kuma cika waɗannan kwanaki ba ragi ba ƙari. Idan likita ya ce ciwon na bairos ne, ba ya bukatar antibayotik, wannan ma magani ne, matuƙar ya bayyana mata alamun da za su sa ta dawo da gaggawa.

A ɓangaren hukuma, Nijeriya ta fitar da tsarinta na ƙasa na yaƙi da turjiyar ƙwayoyin cuta a 2017, ta kuma ƙaddamar da na biyu a 2024, ƙarƙashin jagorancin Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa tare da ma'aikatun noma da muhalli. Tsari a takarda ba ya isa gadon jariri sai an samar da kwalaben gwajin jini a farashin da talaka zai iya biya, da wutar lantarki a ɗakin gwaji, da magungunan rukunin farko a kantin asibiti kullum, domin likitan da ya nemi amfisilin ya rasa, abin da ke akwai zai rubuta.

Kammalawa

Sababbin magungunan kashe bakteriya ba sa fitowa da saurin da tsofaffin ke lalacewa, waɗanda suka fito kuma sukan ɗauki shekaru kafin a tabbatar da ma'auninsu ga jarirai, ga tsadar da ta fi ƙarfin yawancin iyalai. Don haka waɗanda ke hannu su ne dukiyar da za a riƙe da kyau. Abubuwan da ake nema daga mai rubuta magani sanannu ne: ya tabbatar akwai bukata, ya auna yaron, ya ɗebi jini kafin allura, ya zaɓi mafi ƙanƙantar maganin da zai yi aiki, ya rubuta dalili da ranar tsayawa, ya kuma dawo bayan kwana biyu ya sake dubawa. Gwaje-gwajen Rotterdam da Dallas da Lilongwe sun nuna ana iya yin haka ba tare da an cutar da majinyacin yau ba, kuma da shi ne za a bar wa jaririn da za a kwantar a gadon nan baɗi maganin da ke aiki.